Rasuwar Baba Dogo, Piyanon Majami'armu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ni Rifkatu Istifanus, shugabar mawaƙan 'yar majami'armu da ke nan Diffa, nake sanar da 'yan'uwa cikin Ubangiji, da maƙwabta, da abokan arziki tun daga Mainé-Soroa har ƙetaren kogi, rasuwar piyanonmu, wanda yara suka laƙaba wa Baba Dogo. Ya cika ranar Asabar da la'asar bayan doguwar jinya, muna tsakiyar koyon waƙoƙin Kirsimeti. Ya tafi yana bakin aiki, yatsuna suna kansa.

Marigayin ba haifaffen Diffa ba ne, ɗan gudun hijira ne kamar ni. Ya yi ƙuruciyarsa a Damasak, a hannun maigidana, marigayi Istifanus, wanda ke kaɗa shi tun kafin a ɗaura mana aure. Ranar da masu bindiga suka shigo gari, na goya 'yarmu Tabita, na suri tukunya. Maigidana ya bar keken ɗinkin da muke ci da shi, ya naɗe piyano a zanen gado ya ɗora a ka. Faɗa na yi ta yi masa har bakin ruwa. Amsarsa ɗaya ce: keken ɗinki akwai shi a kowane gari.

A bakin Komadugu mun tarar da wani manomin tattasai, Baba Abatcha, yana ƙetarar da jama'a a kwalekwalensa. Ya ce rai kawai zai ɗauka, kaya su tsaya. Da ya ga dogon abu a naɗe cikin farin zane, sai jikinsa ya yi sanyi.

"Inna lillahi. Ɗana, wa ya rasu?"

Maigidana bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Baba, ba gawa ba ce. Abin kiɗan coci ne."

Tsohon ya dube shi, ya dubi hayaƙin da ke tashi a bayanmu, ya ce, "To, riƙe shi a cinya kamar yaro. In ya jiƙe ba ruwana."

Haka Baba Dogo ya shigo Nijar, ba takarda, ba wanda ya tambaye shi.

Ba mu daɗe a Diffa ba ciwon ciki ya ɗauke maigidana. Piyano ya zauna a kusurwa cikin zanensa, ni kuma ko kallon wajen ba na iya yi. Da Kirsimeti ta matso, aka nemi mai kaɗawa a cikinmu aka rasa. Sai na buɗe shi. Ban san komai ba, sai dai idona ya riƙe inda yatsun maigidana ke sauka, wuraren ma sun yi sulɓi sun canza launi. Nan na bi. Kirsimetin farko da na jagoranta, ni ina gabas mawaƙa suna yamma, amma ba wanda ya yi dariya, kuma Baba Dogo bai tona mini asiri fiye da kima ba.

Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen mutum. Ya raka Hausa, ya raka Faransanci, ya raka waƙoƙin 'yan'uwanmu na Chadi da na 'yan kasuwar kudu, bai taɓa tambayar mai waƙa daga ina ya fito ba. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ya fushi. Lokacin da gwamnati ta hana hawan moto, wato babur, Mansur bakanike ya zauna ba aiki, sai ya ciro batirin motonsa ya kawo mana. Ya ce gara batir ya mutu a wurin ibada, ko da ba tasa ba ce, da ya mutu a kwance. Da wannan batir muka yi bukukuwa masu yawa.

Amma abin da nake so a tuna shi da shi, Ista ce ta shekarar tsoro. Bayan abin da ya fashe a kasuwa, dattawan majami'a suka zauna. Babbansu, Baba Habila, ya ce daga yau ba kiɗa, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, a rufe ƙofa, kada mu jawo ido. Ban ga laifinsa ba, domin ya binne ɗa a rikicin masu bindiga. Lahadin nan muka yi sujada kamar ɓarayi. Muna fitowa sai ga Inna Yakaka, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, wadda ta sha aiko jikanta ya ce mu rage ƙara tana salla. Ta tare ni a ƙofa da carbinta a hannu.

"Maman Tabita, lafiya? Yau ban ji abin naku ba."

Na ce, "Inna, dattawa sun ce mu yi shiru."

Ta ce, "Shiru? Ni da safiyar Lahadi in na ji hayaniyarku, na san gari yana nan, sai in ɗora tukunya. Yau har na fara ɗaure kaya. Ku dai bar mini lokacin azahar."

Ranar Ista ban shawarci kowa ba. Na buɗe ƙofa da hannuna, na murɗa muryar Baba Dogo har ƙarshe. Ya yi wannan gurnanin nasa na farawa, guuum, kwanon rufi ya amsa. Baba Habila ya juyo ya zuba mini ido. Ban ɗauke nawa ba. Na danna baiti na farko ni kaɗai, ba wanda ya shigo. A baiti na biyu mata suka ɗauka. Kafin mu kai amshi, muryar da ta fi ta kowa tsagewa ta Baba Habila ce, hawaye na bin gemunsa. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban nemi ya ce ba.

Ciwon ajalin marigayi Baba Dogo ya samo asali ne daga ambaliya. Da kogi ya cika ya shigo unguwa, mun ɗora shi a kan benci bisa benci, ruwa bai taɓa shi ba, amma laima ta shige shi. Ya fara da dusashewar murya. Daga nan wasu haƙoransa suka daina magana, sai na riƙa sauke waƙoƙi ƙasa don in kauce musu, tsofaffin mata suka yi ta murna sun huta da ƙaraji. Daga baya hankalinsa ya fara gushewa. Wata Lahadi fasto yana tsakiyar wa'azi, marigayin ya saki kiɗan rawa shi kaɗai, tish-tak-tish-tak, ba wanda ya taɓa shi. Muka kai shi wurin Gaji mai gyaran rediyo. Ya buɗe cikinsa, ya tarar da tsatsa, da gidan tururuwa, da allurar ɗinki ɗaya da ta maƙale a ƙarƙashin maɓallai. Ya miƙo mini allurar, ya ce, "Madam, ki kai shi gida ki lallaɓa shi. Aikin ya wuce hannuna." Allurar tana wurina. Ranar Asabar, a tsakiyar waƙar makiyaya, ya ja wani siririn fiii, ya ce ƙyat, 'yar fitilarsa ta mutu. Na kira shi da batir, na kira shi da kuran, bai amsa ba.

Ya bar lasifika ɗaya mai fama da mura, da ƙafafun ƙarfe da aka yi masa a garejin Mansur, da waya mai ɗauri a wuri uku. Ya bar ganga da tulu da kacau-kacau na zumuntar mata, waɗanda suka yi shekaru a bayansa ba su yi ƙorafi ba. Ya bar mawaƙa da ba su kai rabin na da ba, domin wasu sun koma gida, wasu sun yi Damagaram. Ya bar ni da Tabita.

Muna godiya ga masu zuwa gaisuwa. Sai dai akwai gaisuwar da ba mu karɓa ba. Ƙanen maigidana ya bugo waya ya ce tunda abin da ya riƙe ni a Diffa ya mutu, in tattara in same su a Yamai. Wasu kuma sun kawo shawarar a gajarta sujadar Kirsimeti bana, a karanta nassi, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Ina sanar da su duka cikin ladabi cewa ba inda za ni, kuma ba waƙar da za a cire. Piyano ne ya mutu. Na duba mawaƙana ɗaya bayan ɗaya, kowa yana numfashi.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a haƙa rami ba. Za a kwantar da marigayin kusa da bagade da safiyar Kirsimeti, a wurin da ya saba tsayawa, duk mai so ya zo ya yi masa kallon ƙarshe, amma yara kada su danna shi. Bayan sujada za a miƙa shi ga Gaji, ya cire abin da zai amfani wani mara lafiyar. Za a yi shinkafa da miyar tattasai a farfajiya, kowa da kowa ne, Kirista da Musulmi, a zo da kwano.

Sujada za ta fara da hantsi, ƙofofi da tagogi a buɗe. Mai kuka ya gama kukansa a gida, ya sha ruwan ɗumi, ya zo da maƙogwaro a wanke. Tunda babu mai ba mu sautin farawa, ni zan bayar da bakina. In na ɗauko ta sama da yawa, kada kowa ya tsaya jirana in gyara. Ku hau da ni.