Rasuwar Indo, Mai Cin Faifan Indiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai hawayen da har yanzu ba a tantance na kuka ne ko na dariya ba, Hajjo matar Malam Safiyanu dillalin raguna, ta bayan kasuwar dabbobi a garin Tanut, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Damargu baki ɗaya, daga Olelewa har Tarka da Belbeji, rasuwar na'urarta ta kallon faifai, wadda aka fi sani da Indo. Ta cika ranar Juma'a bayan la'asar, a kan teburinta, a gaban mata goma sha tara, tana da shekara goma sha shida a duniya. Duk wanda ya san yadda zafin ƙasar nan ke cin roba da waya, ya san wannan ba ƙaramin tsawon rai ba ne.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa da ba wanda ya iya karanta sunanta a jikin kwali. Ta iso Tanut daga Damagaram cikin motar kasuwa, a kan cinyar Malam Safiyanu, naɗe da rawaninsa, shi kuwa kansa a waje rana na dukansa. A shekarar, Hajjo ta yi wata huɗu a kwance bayan wata haihuwa mai wuya. Magani ya yi nasa, likita ya sallame ta, amma ta ƙi tashi, ta ƙi abinci, sai kallon rufin ɗaki. Malam Safiyanu kuwa mutum ne da zai yi awa uku yana yabon haƙoran rago, amma a ce ya faɗa wa matarsa kalma ɗaya mai daɗi, gara a ɗora masa raƙumi a ka. Ya dai ajiye kwalin a gabanta ya ce mai shago ne ya matsa masa. A ciki akwai na'urar da fim guda mai faifai biyu, kowanne an manna masa 'yar takarda, wannan ɗaya, wancan biyu. Ranar aka raɗa wa baƙuwa suna Indo, ba don A'isha ba, don Indiya.

Marigayiya mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Ba ta taɓa zaɓen abinci ba. Faifan da ya karce, da wanda aka goge da gefen zani, da wanda ya kwana uku a aljihun direba, duk ta karɓa ta haɗiye. In an danna mata hanci sai ta ce, "Zzzt, ƙirrr, tak!" ta miƙo harshe, a ɗora mata, ta ja ciki. In akwai wuta ta sha, in babu ta yi haƙuri da batirin sola. Lokacin bazara, in jikinta ya yi zafi, ana yi mata fifita da faifan rufe tuwo tana juya faifan Indiya. Wani lokaci takan maƙale ana tsakiyar waƙa, ta bar jarumi da baki buɗe yana "a-a-a-a", sai an ɗan mare ta a kuncin hagu ta ci gaba. Ta sha mari a gidan nan fiye da jakin ɗebo ruwa, kuma ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba.

Sai dai Indo hoto take bayarwa. Magana ta Hajjo ce. Kullum bayan la'asar, in an gama daka, matan unguwa sukan cika tsakar gida da tabarmi, Hajjo ta zauna kusa da tele ta fassara. Ba ta taɓa wuce Damagaram ba, balle Indiya, amma takan ce Indiyanci ba a kunne yake ba, a gira yake. In jarumi ya ɗaga gira ɗaya, ta san abin da ya ce. In ya tsaya cikin ruwan sama yana waƙa da hannu buɗe, ta ce roƙo yake damina ta yi kyau ya samu geron aure. A nan ne tsohuwa Kadi, wadda ba ta taɓa fashin kallo ba, take fara faɗa da tele, wai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya amma gari guda ba wanda ya tara ko baho. Ba wadda ta taɓa musa wa Hajjo kalma. Har shawarar aure ake kawo mata, don an ce ta san zuciyar maza a harshe biyu.

Faya-fayai sun taru a gidan har sun cika babban kwano, amma wanda aka fi so shi ne na farin nan da ya zo cikin kwali. Yadda Tanut ta san shi, labarin yana farawa da miji da mata cikin wahala. Matar, wadda aka raɗa wa Mai Jan Gyale, ta kwanta ciwo, ta rame, mijin na ta sintiri tsakanin gida da asibiti, har aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, dangi na kuka. Daga nan sai rubutu ya dinga hawa sama a kan baƙin allo. Hajjo ta yi bayanin cewa doguwar suma ce, rubutun kuwa sunayen waɗanda suka zo dubiya ne, don Indiyawa ba sa manta alheri. Sai a cire faifai na ɗaya a sa na biyu. Ga Mai Jan Gyale cikin gona tana tsalle, kumatu sun cika, ta ci karo da mijinta ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, saboda ciwon ya tafi da tunaninta. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya sake neman matarsa tun daga farko, da waƙa, da tsayuwa a bakin rijiya, da shan zagin ubanta, har aka sake ɗaura aure, aka watsa furanni, fim ya ƙare.

Ranar da Hajjo ta fara ganin wannan, a kwance take, an tokare ta da matashi biyu. Da ta ga wadda aka lulluɓe ta miƙe tana tsalle, ta ce, "To, ni me ya kwantar da ni?" Ta nemi fura. Kafin mako ya zagayo tana sharar tsakar gida. Mazan unguwa kuwa sun sha wuya a dalilin fim ɗin, domin babu wanda matarsa ba ta tambaye shi ba ko zai iya nemanta sau biyu. Shi Malam Safiyanu bai taɓa zama kallo ba. In ya ratsa ya ga mutum hamsin suna rawa a kan dutse, yakan ce ko waɗannan ba su da gonaki ne, ya wuce. Amma batir bai taɓa mutuwa a gidan ba.

Ciwon ajalin marigayiya ya faro ne tun watan jiya, da 'yar shaƙewa da yawan zafin jiki. Ana cikin haka, Rahama maƙwabciya, wadda mijinta ya kawo wa babbar waya, ta shigo tana murza hannu.

"Yaya Hajjo, ki yi haƙuri fa," in ji ta, "amma a wayata Mai Jan Gyale mutuwa take yi. Da Hausa ɓaro-ɓaro mai fassara ya faɗa. Bikin ma a tsakiya yake."

"Wayarki jiya aka haife ta," in ji Hajjo. "Indo ta yi shekara goma sha shida tana nuna shi. Ki zo Juma'a mu sa su gefe da gefe, a gaban kowa."

Ta faɗa da ƙarfi, amma a ranta lissafi take yi. In Rahama ce da gaskiya, to shekara goma sha shida tana shara wa matan unguwa ƙarya, kuma daga ranar ko gishiri ta ce da ɗanɗano sai an lasa. Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mata rai, wanda ba ta faɗa wa kowa ba: ashe yarinyar da ta tashe ta daga kwance ita ba ta taɓa tashi ba.

Juma'a ta zo, tsakar gida ta cika har bakin murhu. Indo ta daure ta juya faifan farko har ƙarshe, aka karanta sunayen masu dubiya. Aka sa na biyu. An yi tsallen gona, an yi rijiya, ana gab da ɗaura aure sai ta ce, "Ƙar, ƙar, ƙarrr." Aka mare ta a hagu, shiru. Aka gwada dama, abin da ba a taɓa yi ba. Ta ce, "Tik." Jan idon nan nata ya ɗauke, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Aka aika wa Mato mai gyaran rediyo, ya zo da jakarsa, ya kwance mata ciki a gaban jama'a, ya daɗe yana leƙe, sannan ya zaro wata 'yar takarda da ta nannaɗe a wuyan abin juya faifai.

"Hajjo, sai haƙuri, ta riga mu," in ji Mato. "Takardar lambar nan ce ta ɓalle ta shaƙe ta. Da ƙaro aka manna ta, zafi ya narkar da shi." Ya ɗaga faifan ga haske. "Af! Ga lambar kamfani a ƙarƙashi. Ai wannan ne na ɗaya."

Aka ɓare takardar ɗayan, aka tarar da biyu. Shekara goma sha shida Tanut tana kallon fim ɗin a juye. Rahama, a faɗi gaskiya, ba ta yi ko murmushi ba, ƙasa ta dinga kallo. Hajjo ta ji kunya har ƙafafunta, ta karɓi takardar daga hannun Mato don dai ta samu inda za ta ajiye ido. A nan ta lura da launin rubutun. Shuɗin fenti ne, irin wanda ake yi wa raguna alama a ƙugu ranar kasuwa, kuma biyun yana da wata doguwar jela da ta lanƙwashe sama. Duk faɗin Damargu mutum ɗaya ne yake rubuta biyu da jela.

Ana haka sai ga sallamar Malam Safiyanu, ya dawo daga kasuwa. Ganin taron mata ya tsaya a bakin zaure. Hajjo ta miƙa masa takardar.

"Malam, wannan biyun na wane ne?"

Ya duba, ya sosa gemu, ya waiwaya kamar ragon da ya ɗaure a waje ya kira shi.

"Na sa mai shago ya kunna mini na gani har ƙarshe," in ji shi. "Ba a sayen dabba ba a duba haƙori ba."

"Ka ga ta mutu ke nan?"

"Na gani."

"Shi ne ka juya?"

"Kina kwance fa, Hajjo. In kwaso miki mace kwance wadda ba ta tashi ba? Ni dillali ne. Ban taɓa shigo da abin da zai mutu cikin gidana ba."

Tsohuwa Kadi ce ta fara rangaɗa guɗa, ta ce, "Ashe Ba'indiyen yana gidan nan, mu muna ta kallon na tele!" Rahama ta cusa wayarta cikin zani tana share ido. Hajjo ta rufe fuska da gyale, ta rasa fassara karo na farko a rayuwarta. Malam Safiyanu ya ce rago bai sha ruwa ba, ya fice da sauri.

Saboda haka iyalan marigayiya ba su ɗora alhakin rasuwarta a kan kowa ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ƙaron da ya riƙe amana shekara goma sha shida ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta rasu ta bar mijinta, tele mai ƙaton ƙeya, wanda tun ranar ba ya nuna komai sai yayyafi. Ta bar ƙanenta rimot, da aka ɗaure wa ƙugu da roba, da igiyoyi uku, ja da fara da ruwan ɗorawa, waɗanda har yau ba wanda ya haddace ramin kowacce. Ta bar marayun faya-fayai cike da kwano, da mata goma sha tara da ba su san inda za su sa kansu bayan la'asar ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wanka ba, tunda marigayiya da ruwa ba su taɓa shiri ba. Za a lulluɓe ta da saƙaƙƙen ƙyallen da ta saba rufa da shi, a kwantar da ita a saman kwaba, tsakiyar kwanukan jere, inda kaza ba ta kaiwa. 'Yar takardar da ta yi ajalinta ba za a rufe su tare ba, Hajjo ta ƙulle ta a bakin zaninta, kuma kada wanda ya roƙi gani. Za a karɓi gaisuwa kwana uku bayan la'asar, kowa ta zo da tabarmarta. Ranar uku, Rahama ta ba da aron wayarta, za a jingina ta da turmi, a kashe mata murya, a fara daga tsakiya a koma farko, Hajjo ta yi fassara kamar yadda aka saba. An shimfiɗa wa Malam Safiyanu buzu a sahun gaba. Ya ce yana da kasuwa a Belbeji, an gaya masa raguna za su jira.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, duk wanda ya san yadda fim ɗin ya ƙare a Indiya, ya bar saninsa a bakin zaure tare da takalmansa. A gidan nan, Mai Jan Gyale ta tashi.