Jawabina na Tarbar Joji

Mako guda ina haddar jawabin tarbar Joji, Baturen mulki, a Bodinga. Ni ne sabon malamin makaranta, sai na cika shi da dogayen kalmomin Turanci masu ƙarewa da "shan", don a san na yi karatu.

Ranar, na ratsa gaban hakimi da takalmina, ko gaisuwa babu, na dinga zuba Turanci.

Baturen ya saurara tsaf, ya dubi tsohon masinjansa Ɗan'ige. "Mi yac ce?"

Ɗan'ige ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ahuwa yaka nema, ya mance bai tuɓe takalmi ba."

Allah ya jiƙan Ɗan'ige, ban taɓa ganin tafinta irinsa ba! Ni kuwa har yau, ko a kasuwar Shagari, Malam Shanshan ake kirana.