Ranar da na mai da Kaka mai arziki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kusa makantar da Kakata saboda tsabar tarbiyya ba. Shekarar fari ce, sojoji na mulki, ni kuma ina lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Gudel, irin yaran nan da ke zama a bencin baya, suna ganin komai amma ba sa cewa komai.

Kaka ta zo mana daga ƙauye wajen garin Tawa bayan awakinta sun ƙare, da ciwon yana a idanunta biyu. A asibiti aka ce sai an yi aiki. Ni da na iya karatu aka tsayar gaban allon sanarwa, na dawo na yi wa gida bayani kamar wata minista. Hanya uku ce. In kai ma'aikacin gwamnati ne, akwai takardar da ke ɗauke maka mafi yawan kuɗin, kai da iyalinka. In kana da hali, ka biya da kanka. In ba ka da ko ɗaya, sai takardar marasa hali, wadda ba a bayarwa sai wata madan daga buro, wato ofishin gwamnati, ta zo gida ta gani da idonta. Baba direban babbar mota ne, ba na gwamnati ba, don haka ba mu sha wahalar zaɓi ba.

Ranar da madan za ta zo, Baba yana hanya, Inna kuma tun asuba tana layin hatsin taimako. Ta bar mini umarni ɗaya: in share gida. (Ku lura, shara kawai ta ce.)

Na share, na tsaya na dubi ɗakin. Tabarma mai rami biyu, randa mai tsaga, kwano ɗaya da fentinsa ya zube. Sai kunya ta kama ni. Tun ina goye ake koya mini cewa baƙo ba ya ganin rashin gida. Na sani sarai abin da madan za ta zo dubawa, amma ƙafafuna suka kai ni gidan Hamsatu, maƙwabciyarmu Bazabarma da mijinta ke aikin gwamnati. Na aro darduma, kujera, rediyo da tiren kofuna. A gidan tela na aro labule. Kaka kuwa na naɗa mata mayafin Hamsatu na zuwa biki, ta zauna tana ƙamshin turare kamar matar babban soja.

Madan ta iso a kan ɗan babur ɗinta mobilet. Na lura igiyar takalminta da waya aka ɗaure ta, har na ɗan tausaya mata, ni mai darduma. Ta zauna a kujerar, ta dubi rediyo, ta dubi labule, ta buɗe kaye, littafin rubutunta. Ta tambayi Kaka yadda ake fama da abinci.

"Sai godiya, 'yata," in ji Kaka. "Ba mu rasa komai ba."

(Daren jiya da kunun dusa muka kwana.)

Ina tsaye da tire, na karanta rubutun madan a juye. Darduma. Rediyo. Kujera. A ƙasa ta fara rubuta cewa iyalin na da hali. In ta sa hannu, Kaka za ta ƙare rayuwarta tana lalube bango, amma dai da mutuncinta, wanda ni na aro mata.

Ni da ko malami ya kira sunana sai na yi kamar na mutu, na buɗe baki.

"Madan, ba namu ba ne."

"Mene ne ba naku ba?"

"Duka."

Ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi, ta dube ni. Ta ce ta sha ganin masu ɓoye rediyo a ƙarƙashin gado in sun ji ƙarar mobilet ɗinta, amma yau ta fara ganin wadda ta je ta aro. Sannan ta ce in mayar da kowane kaya ga mai shi, ɗaya bayan ɗaya, tana kallo.

Haka na yi ta safa da marwa a lungu, matan unguwa na leƙe ta kan katanga. Hamsatu na karɓa tana tambayata da ƙarfi ko bikin ya watse ne. Labule ya tafi, darduma ta tafi, na kwance wa Kaka mayafi tana cewa ita dai ba ta ga laifinsa ba. Daga ƙarshe na tsaya gaban madan ina murza yatsu.

"Kujerar ma?" ta ce.

Na gyaɗa kai. A tsaye ta ƙarasa rubutunta, kaye a jingine da bango. Daidai nan Inna ta shigo da ɗan hatsinta a ka, ta gan ni rungume da kujerar mutane. Abin da ya biyo baya na bar wa kaina.

Takarda ta fito, aka yi wa Kaka aiki. Ranar da aka kwance mata ido ta dawo gida, ta dubi ɗakin a karon farko, ta ce ashe haka muke zaune, ai da ita ce ma da ta aro.

Tun daga ranar na gane cewa rufin asiri abu ne mai kyau, amma kafin ka rufa, ka tambayi baƙon abin da ya zo gani.