Tukunyar da na ɓoye a but ranar ɗaurin aurena

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura mini aure a Pauwa ba. Ko da ma na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba, don har gobe idan na je gaishe da surukaina sai na ga ana zunguren juna a bakin masallaci.

Ni bakanike ne a Faskari, kuma a wancan lokacin ina fama da ciwon son gudu. Ina da wata 'yar baƙar mota da na tayar da hannuna bayan kowa ya ce ta mutu. Kallon tseren motoci a waya ne ya haɗa ni da naitiros. Wata iska ce da ake ɗurawa a tukunyar ƙarfe mai kama da ta gas ɗin girki, a ja tiyo zuwa inji. Kana danna maɓalli sai inji ya sami ƙarfin ƙona mai da yawa, mota ta zabura kamar an tsikare ta. Na yi ta cigiya har na sami wani dattijon usta, wato gwanin bakanike, a Kaduna da ke haɗa wa masu tsere.

Usta ya haɗa mini, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce tukunya ta zauna a ɗaure da noti. Kada a cika ta ta wuce awo. Kada a bar ta a rana, domin zafi yana ƙara wa iskar ƙarfi, kuma in ƙarfin ya yi yawa akwai wani ɗan faifai a wuyanta da zai fashe ya sake ta gaba ɗaya. Ya ba ni bututun da zai fitar da iskar wajen mota idan hakan ta faru. Ya kuma ce wannan kayan filin tsere ne, ba na titin da mutane ke bi ba. Ni kuwa sai "to, to" nake yi (idona yana kan maɓalli). Bututun na rataye shi a gareji da niyyar zan sa gobe.

Matsalar ita ce mahaifin Murja, yarinyar da nake nema. Alhaji Lawal tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana lodin hatsi daga kasuwar Yankara zuwa kudu. Wata rana na wuce shi fuu tsakanin Sheme da Yankara, ban ma san yana cikin motar da na wuce ba. Kwana biyu sai ga saƙo yana nemana.

"An ce mani ka sa ma motarka wata tukunya mai sa ta hauka," in ji shi.

Ina durƙushe na ce, "Alhaji, ɗan gwaji ne kawai."

"Da hannuna na sha kwasar mutane bisa hanyar nan. Ɗiyata ba ta shiga motar da ke da wannan abu. Ko ka hidda shi, ko ka nemi mata wani wuri."

Na ce yau ɗin nan zan cire. Ina son Murja, wallahi ina sonta, amma ina son tukunyata ma. Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta masu basira ce: na kwance notikan, na naɗe tukunyar cikin bargo, na tura ta can ƙuryar but ɗin motar, na bi da tiyon ta ƙarƙashin kafet. Na koma na ce wa Alhaji an cire. Ya sa mini albarka, ni kuma na amsa da amin ko kunya babu.

Ana saura kwana biyu biki na je ɗurin iska a tukunya, don na ƙudura a raina ranar kai amarya sai abokaina sun ga ƙurata. Usta da kansa yake aunawa a sikeli, ba ya ƙara ko ɗigo, shi ya sa na kauce masa na tafi wajen wani. Ni ɗan kasuwar ƙauye ne, ban taɓa sayen ko tiyar gero ba tare da na nemi gyara ba. Da mutumin ya ce ta cika, sai na ce, "Haba malam, ba gyara?" Ya kalle ni, ya ƙara. Na fito ina jin na ci riba.

Ranar Juma'a muka isa Pauwa da hantsi, ana tsakiyar bazara. Na ajiye mota a inuwar darbejiyar ƙofar gidan Alhaji. Ban daɗe ba aka ce nan za a shimfiɗa wa dattawa tabarmi. Wane ango ne zai yi gardamar inuwa da dattawan garin surukansa? Da rawar jiki na mayar da ita tsakiyar fili, kusa da wani amalanken shanu. Baƙar mota, a rufe, da tukunya mai gyara cikin bargo, tun hantsi har aka sauko daga masallaci.

Aka taru. Ina tsaye daga baya cikin farar shadda, an sha guga, abokai na yi mini fifita. Baffana, wanda shi ne wakilina, ya nemi aure. Liman ya juya wajen waliyyin amarya, wuri ya yi tsit.

Sai ji muka yi, "Tau!" Sannan wani irin huci mai tsawo.

A yankinmu ba sai an yi wa kowa bayanin irin wannan ƙara ba. Kafin ka ce kwabo taro ya watse, takalma da huluna ko'ina, farantin goro ya kife. To, ga inda abin kunyar yake. A duk filin nan mutum ɗaya ne ya kamata ya san abin da ya fashe, kuma shi ne ya riga kowa gudu. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin amalanken nan ba, rub da ciki, a daidai inda shanu suka kwana.

Daga nan ƙasa na hango wani farin hayaƙi yana fita ta gefen but ɗina. A lokacin ne kaina ya dawo. Na kuma hango mutum ɗaya da bai gudu ba. Alhaji Lawal ne, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokitin ruwan alwala, ya nufi motar. Tsohon direba ya ɗauka wuta ce, zai ceci motar surukinsa.

Na san ba wuta ba ce. Usta ya faɗa mini iskar nan idan tana fita sanyinta yana ƙona fata, kuma wanda ya tura fuska cikinta numfashinsa na iya ɗaukewa. Ga tukunya ba a ɗaure ba, ina jin ta tana buga jikin but. Idan na yi shiru, wataƙila in sami ƙaryar da zan yi daga baya. Idan na yi magana, Murja ta tafi. Alhaji ya kai hannu kan murfin but.

"Alhaji, kada ka buɗe!" na ƙwala daga ƙarƙashin amalanke. "Ba wuta ba ce! Tukunyar ce! Ban cire ba!"

Ya tsaya cak. Ya waiwaya yana neman inda muryar ta fito, sai da ya sunkuya sannan ya gan ni. Na rarrafo na fito, na ja shi baya muka tsaya nesa har hucin ya mutu. Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu, kowa ya kalli gaban rigata sai ya kau da kai. Baffana ko kallona bai iya yi ba. Ni dai na durƙusa a rana, hawaye na zuba, na tabbata aure ya lalace.

Alhaji ya ajiye bokiti ya koma kan tabarma.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, to yaya ke nan?"

"Malam, yaron nan ya yi mani ƙarya, kuma kowa ya ga matsoraci ne," in ji shi. "Amma da ya yi shiru da ban sani ba, kuma bai bari na buɗe but ɗin nan ba. A ɗaura."

Haka aka ɗaura, ina durƙushe ina warin turke. Da yamma, bayan mota ta sha iska, na cire tukunya da tiyo da maɓalli a gaban Alhaji, shi da kansa ya riƙe mini sifana. Murja kuwa da labari ya isa cikin gida, an ce ta yi kuka, daga baya ta yi dariya har ƙawayenta suka rufe mata baki da mayafi.

Yanzu duk saurayin da ya zo garejina da zancen naitiros, sai in ba shi benci in maimaita masa karatun usta tun daga noti har bututu, in gaya masa ba a neman gyara a tukunya. Sannan in ƙara masa da nawa: in har ka ji ƙara za ka ruga, ka fara tabbatarwa ba motarka ba ce.