Ranar da Kajin Gwaggo Laraba Suka Tsige Zakara

A bayan gidan Gwaggo Laraba tsarin mulki ba shi da wuyar ganewa: Jatau zakara yana kan turmi, kaji suna ƙasa. In an watsa tsaba shi zai fara ci, wai ɗanɗanawa yake yi don lafiyar jama'a. In shirwa ta kawo hari kuwa, shi zai riga kowa shigewa ƙarƙashin rumbu, daga can yake ba da umarni.

Wake, wata kaza mai ɗigo-ɗigo, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya masu yawa a daminar nan, shirwa ta yi ta ɗauka ɗai-ɗai har ya rage mata Auta kaɗai. Don haka ranar da Fingi mai tsayayyen gashi ta kira taro a gindin rumbu, Wake ce ta fara zuwa.

Fingi akwai baki. Ta ce, "'Yan'uwa, ƙwai mu muke yi, kwanci mu muke yi, tono ma mu ne. Ban da cara da taƙama, me wannan bawan Allah yake yi? A faɗa mini abu ɗaya in koma in zauna."

Jatau ya gyara tsayuwa, ya ce maganar shirwa tana gabansa, har ya naɗa Agwagwa ta duba lamarin. Agwagwa ta ce ƙwarai, tana kan dubawa. Ya ƙara da cewa in babu shi, wa zai riƙa sanar da su cewa shirwa ta tafi?

Taro ya yanke a tsige shi, amma babu mai ƙarfin ture shi daga turmi. Wake ce ta kawo dabara. Kowa ya san al'adar gidan: in baƙo ya yi sallama, Gwaggo Laraba takan fito ta cafke wanda hannunta ya fara kaiwa, a miƙa wa maigida ya yanka. To, ranar su riga Jatau shiga ƙarƙashin rumbu, su toshe hanya da bayansu. Haka kuwa aka yi. Da Gwaggo Laraba ta cafke Jatau, Wake ta ji yana kiran sunanta, ba ta ko motsa ba.

Washegari Fingi ta hau turmi, wai riƙon ƙwarya. Dokarta ta farko ita ce duk mai zanko a ka maƙiyin gida ne, hukuncinsa irin na Jatau. Wake ta goyi baya har muryarta ta dishe. Tsaba kuma dole a samu mai ɗanɗanawa, Fingi ta sadaukar da kanta. Agwagwa ta ci gaba da duba lamarin shirwa.

Da kaka ta yi, Wake ta lura da wani jan abu yana tsirowa a kan Auta. Ta riƙa turbuɗa masa kai cikin toka, tana roƙonsa ya yi shiru. Ina! Wata safiya yaron ya miƙe wuya ya yi 'yar cara mai kama da tari. Fingi dai ta dube shi daga kan turmi, ta ce Allah ya raya.

Ran Juma'a aka ji sallamar baƙo a zaure. Wake ta tasa Auta a gaba suka ruga rumbu. Suka tarar an toshe hanya tsaf, baya na jere da baya, babu ko kafar da kai zai shiga. Ta kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta motsa, don Wake ta koya musu dabarar da kyau.