Awakin da Suka Cinye Mini Alamar Hanya

Ba zan taɓa mantawa da abin da Manjo Isufu ya yi mini ba: a gaban mutanen garinmu ya kira ni maƙaryaci, ya karɓe akwatin maganina. Shi ne babban anfirmiye, malamin asibitin da ya koya mana aikin sakuris a Tanut, wato masu taimakon gaggawa na ƙauye. Ni aka zaɓa a garinmu don na yi aji huɗu a lekol (na huɗun ma sau biyu na yi shi). Abin da ya fi nanata mana shi ne, kafin ka taɓa mai rauni ka tsare hanya, kada a zo ɗaukar mutum ɗaya a koma da biyar.

Shekarar fari ce. Da hantsi wata babbar mota ɗauke da dawa ta kife a bayan tudun da ke gabas da gari, kan hanyar Agadas. Direban yana kwance a tsakiyar hanya, ƙafa ta karye. Ban taɓa shi ba sai da na hau aduwa na saro rassa ɗanyu shar, na jera su a hanya don alama tun daga kan tudu, na jera a ɗaya gefen ma. Na aika wata mota mai wucewa ta kai labari Tanut, na ɗaure ƙafar da karare. Ina aiki ina satar kallon jama'a, ko sun ga gwaninta.

Bayan azahar ambilans ta faɗo daga tudun nan da gudunta, ko birki babu. Ni sakuris, na saki ƙafar mutum na shige ƙarƙashin mota (har yau ban san yadda cikina ya shiga wurin ba). Allah ya kiyaye, ta kauce ta nutse cikin rairayi. Manjo ya fito daga cikinta leɓe na jini.

"Ina alamar da na koya maka?"

"Wallahi na sa, Manjo."

"Maƙaryaci! Ko tsinke ban gani ba."

Na kama hannunsa na ja shi kan tudu, gari duka na biye da mu. Wayam. Sai kashin awaki. Can gangare muka hango su suna jan reshen ƙarshe, abin da suka rage kuma mata masu itace sun kwashe. Tsoho Ɗan Baro, maƙerin garinmu, ya kare ido da hannu ya ce, "Ɗana, waccan jar ta gaba ai ta matarka ce." Aka kwashe da dariya, har direban da aka ba labari ya yi dariya yana nishi. Manjo ya ga awakin da idonsa, amma bai janye maganarsa ba, ya ɗauki akwati ya tafi.

Laifina na sani. A shekarar da dabba ke cin tsumma, wawa ne ke shimfiɗa ganye a hanya ya juya baya.

Direban ya warke, har ya koma tuƙi. Da damina wata mota ta sake faɗuwa a wurin. Ba ni da akwati, amma na je. Na tsayar da Ɗan Baro a kan tudu da jan zane a kan gora, na sa wani a ɗaya gefen, na ce ko salla za su yi su yi ta bi da bi. Ambilans ta zo a hankali kamar mai rakiyar amarya. Da aka gama ɗaukar masu rauni, Manjo ya miƙo mini akwatina, yana kallon ƙasa.

Na karɓa, na ce, "Manjo, in ka je koyar da sababbi, ka ba su labarina, har da shiga ƙarƙashin mota, ban hana ka ba. Ka ce musu su sa mutum a kan tudu, don shi akuya ba ta cinsa. Ka kira ni wawa, na yarda. Amma maƙaryacin nan, a gaban mutanen nan ka faɗe shi, a gabansu za ka janye shi. Ga su nan tsaye, muna jinka."