Rasuwar Tsohuwa a Kan Mayen Ƙarfe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, maigida mai yankan ƙarfe, a madadinsa da 'ya'yansa uku, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan aiki rasuwar kwamfutar gidansu, wadda kowa ya sani da suna Tsohuwa. Ta cika da rana tsaka a filin tsofaffin ƙarafa inda yake aiki, tana cikin jakar makaranta, ba ta samu ta yi sallama da kowa ba.

Marigayiyar ba da ƙuruciyarta ta shigo gidan ba. Uwar yara, Allah ya jiƙanta, ita ta sayo ta a hannun wani mai gyara, tuni ta sha duniya. Murfinta ba ya tsayuwa sai an jingina shi da matashi. Batirinta ya daɗe da mutuwa, saboda haka kullum tana ɗaure da bango kamar akuya a turke. Amma haƙuri, sai dai a yi koyi da ita. Ta sha shayi ba da son ranta ba, ta sha yatsun yara masu maiƙo, ta faɗo daga kan gado ta tashi ta ci gaba da aiki. Idan an kunna ta sai ta ja numfashi, fuuu, ta yi ƙyas-ƙyas a cikinta kamar mai tauna, sannan ta buɗe ido a lokacin da ta ga dama.

Babbar amanar da take riƙe da ita murya ce. Wata rana yara suna wasa da ita suka ɗauki maganar uwarsu ba ta sani ba. Ba waƙa ba ce, ba wasiyya ba ce, faɗa ne irin na tsakar gida: “Auta, sauko daga nan kafin ki tsinka mini zuciya. Baban yara, kana zaune kana kallonta?” Sai dariya, sai ƙarar murfin tukunya. Tun da aka rufe uwar, duk wanda kewa ta kama a gidan, wurin Tsohuwa yake zuwa a yi masa wannan faɗan.

Wanda bai san gidan ba ya kamata ya san Auta. Ita ce ƙaramarsu, an haife ta da zuciya mai tsallake bugu. Likitoci suka dasa mata wata 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ita ke tuna wa zuciyar aikinta. Suka ja kunnen uban: a nisanta ta da mayen ƙarfe mai ƙarfi. Ya dawo gida ya cire 'yan kayan adon da ke manne da mayen ƙarfe a jikin firji, ya kyautar da babbar sifikar da yake ji da ita, ya hana yarinyar sa waya a aljihun gaba. Yara har tsokanarsa suke, wai ko allura ta faɗi sai Baba ya tambayi me ya jawo ta.

A wurin aikinsa kuwa akwai uban mayun duka. Ƙaton faifai ne mai aiki da lantarki, yana rataye a ƙugiyar injin ɗaga kaya. Idan an ba shi wuta yakan tsotsi ƙofar mota da injinta ya yi sama da su kamar shaho da ɗan tsako. Idan an ɗauke wutar, ƙarfe ne kawai, gawa. Da azahar direban ƙugiya yakan sauke shi ƙasa ya kashe, ma'aikata su kewaye shi su ci abinci a kansa, don babu wani wuri mai faɗi da tsabta kamarsa a filin. Tebur suke ce masa. Dokarsu guda ce, kowa ya san ta: ba a mayar da wuta sai direba ya buga guduma a jikin injin, kowa ya kwashe kwanonsa. A kan wannan doka uban ya kwantar da ransa. Auta ce ke kawo masa abinci idan an tashi makaranta, ta ɗare gefen Tebur tana lilo da ƙafafu har ya gama.

Ciwon ajalin marigayiyar bai kai a kira shi ciwo ba. Numfashinta ne ya ɗan yi nauyi, uban ya ce Auta ta taho da ita tare da abinci, idan ya tashi aiki ya biya da ita wurin mai gyara. Yarinyar ta iso, ta ajiye jakar daidai inda ta saba zama, ta ce masa biro ya fashe mata a hannu, bari ta je famfon bakin ƙofa ta wanke.

A ranar an kira wani baƙon mai gyaran lantarki ya duba wayoyin injin. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, amma babu wanda ya gaya masa zancen guduma. Ya ɗaure wayarsa, ya ɗaga makunni don ya gwada.

Wuta ta shiga Tebur. Cokula suka miƙe tsaye. Kwanon abinci ya kife ya manne. Makullan uban suka fizge daga ƙugunsa, ƙusoshin ƙasa suka tashi kamar tsigar jiki. A cikin jaka Tsohuwa ta ce ƙas, sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Abokan aiki sun shaida cewa uban bai ko dubi jakar ba. Bakin ƙofa ya nufa a guje, hannuwa a ware kamar mai tare shanu, ya ci karo da Auta tana tahowa tana yarfe ruwa, ya sungume ta ya fita da ita har tsallaken titi.

Mai gyaran kwamfuta ya buɗe marigayiyar ya girgiza kai. Ya ce faifan da take ajiye komai a ciki ya tafi, kamar allon aji da aka bi da jiƙaƙƙen tsumma. Likitan zuciya kuma ya auna Auta, ya ce na'urarta lafiya lau. Sai ya tambayi inda ta saba zama. Da aka faɗa masa, ya ajiye bironsa ya dubi uban. Ya ce da ita ce a wurin, babu mai iya yin alkawarin abin da na'urar za ta yi, kuma ko wuta a kashe take, kada ƙafarta ta sake taka filin nan.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai naɗe da baƙin salatif, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da matashin da ya tallafe ta shekara da shekaru. Ta bar babban yaya, wanda aikin makarantarsa ya bi ta. Ta bar ta tsakiya, wadda ta fara mantawa ko dariyar uwarsu ce ke fara zuwa ko ƙarar murfin tukunya. Ta bar Auta, wadda ke cewa laifinta ne da ta ajiye jakar a wurin. Ta kuma bar uba, wanda yanzu cokali ba ya motsi a kwano gabansa bai faɗi ba, wanda kuma kan kira yarinyar ya ce ta juyo ya gyara mata wuyan riga, alhali bugun ƙirjinta yake son ji.

Za a yi mata sutura ranar hutun ƙarshen mako da hantsi, a gida. Abokan aiki sun ce a kawo ta a jefa cikin tarin ƙarafa, an gode, amma Tebur ɗin da ya kashe ta ba zai ɗauki gawarta ba. Za a naɗe ta da tsohon zanen uwar yara, a sa ta a kwali, a ɗora bisa kabad. Baƙon mai gyaran lantarki, idan ya zo, a ba shi wurin zama. Daga wannan rana uban da kansa zai riƙa ɗaukar abincinsa, ya ci shi da sanyi a tsaye, kuma faɗan “sauko daga nan” ya dawo bakinsa, ko da muryar ba ta kai ta mai shi daɗi ba.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce Allah ya mayar da wata. Su ce Allah ya raya wadda ta tashi wanke hannu.